Sai-ya-dawo, Bunsurun Mma Asibi

Ni dai ban taɓa taka cocin Fasto Abugri ba, amma kunnena ya daɗe da zama ɗan coci. Ɗakina da rumfar da suke ibada, a nan unguwar Nima bayan babbar gota, wato kwatar ruwa, fallen kwano ɗaya ne ya raba mu. Da Hausa kuma yake musu wa'azi, don Farafara ne da Kusasi da Dagati suka cakuɗa, ba mai jin yaren wani. To ni Maiturare ina zaune ina haɗa turaren wuta na sayarwa, sai a ce in toshe kunne? Allah bai halicce ni haka ba.

Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar yunwa, shekarar da aka koro mutanenmu masu ci-rani, waɗanda muke kira 'yan Agege, daga Najeriya. Gonaki sun ƙone a ƙauyuka, kasuwar Makola ta koma filin hira. Dokunu, tuwon ƙullun masarar nan, ɗanye ake bin layi a saya, kowa ya je gida ya dafa abinsa, don in ka ce sai ya dahu, wani ya riga ka. Ƙashin wuya ya fito wa kowa kamar sarƙa, har suna aka sa masa, amma bakina ba zai faɗa ba.

A cikin wannan hali mahaluki ɗaya ne bai rame ba a gidanmu, bunsurun Mma Asibi.

Mma Asibi 'yar Bolga ce, Kirista, maƙwabciyata ƙofa da ƙofa tun kafin mazajenmu su mutu mu sami hutu. Ɗanta ɗaya tal, Ayamga. Da zai tafi Legas neman arziki, ya kawo mata ɗan bunsuru ya ce, "Mma, ki kiwata shi. Ranar da na dawo miki da kaya, shi za mu yanka." Kafin ma ya tafi, ja'irin ya faɗa gota ya karya ƙaho ɗaya, Ayamga ne ya tsamo shi yana zaginsa. A nan ta raɗa masa suna Sai-ya-dawo.

To ga shi an kore su, kowa ya dawo. Moro ɗan Azara ta gidanmu ya dawo da ƙatuwar rediyo a kafaɗa, ba shi da wando na biyu. Na gidan gaba sun dawo, na gidan baya sun dawo. Ayamga shiru. Wasu suka ce an ga irinsa a tashar jirgin ruwa, wasu suka ce abin da ba zan maimaita ba. Asibi ba ta tanka wa kowa. Kullum sai ta ɗau buhu ta tafi neman ɓawon rogo da ganye, ita ta kwana da ruwan koko, bunsuru ya kwana da ciki taf.

Idon gida kaf a kansa yake. Malam Seidu mahauci, wanda wuƙarsa ta yi tsatsa don rashin aiki, in ya shigo sai ya fara gaida bunsurun kafin ya gaida mai shi.

Wata Lahadi Asibi ba ta je coci ba, ta yi nisa wajen yankar ciyawa. Ni kuwa ina bakin aikina jikin kwano. Sai na ji Fasto Abugri ya ɗaga murya yana batun ranar shari'a, wai Almasihu zai zauna a kujerar mulki ya ware mutane kamar yadda makiyayi ke ware garke, tumaki su yi dama, awaki su yi hagu. Awaki! Ban jira sauran ba. Abin da nake buƙata ya riga ya shiga hannu.

Tana sauke buhu na tare ta.

"Asibi, yau kin yi asara. Fastonku ya yi magana a kanki."

"A kaina?"

"Bai kama suna ba, mutumin kirki ne. Amma ya ce ranar shari'a awaki hagu za su yi, hagun kuma kin san ba wurin shan iska ba ne. Ke ga ki kina kwana ɗaki ɗaya da wannan mai warin. Ranar da aka busa ƙaho ya zabura ya yi hagu, igiyarsa a hannun wa take?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Maiturare, ki ji tsoron Allah. Yunwa ce ke wa'azi da bakinki."

"Ni 'yar aike ce kawai."

Ta yi tsaki ta shige. Amma da safe na ga ta ɗaura zanen zuwa coci ta nufi gidan Fasto. Na sa wa Azara a kunne ta fara neman gyaɗar miya.

Sai da rana ta take ta dawo. Ta zauna a kan turmina, idonta ja, amma tana dariya.

"Ɓarauniyar wa'azi," in ji ta. "In za ki sata, ki sato shi duka mana. Rabi kika kawo mini."

"Meye sauran?"

"Ba awakin turke ake nufi ba, mu ne. Ya ce ranar nan Almasihu ba zai tambayi abin da mutum ya kiwata ba. Cewa zai yi ya taɓa zuwa ƙofarka da yunwa, cikin rigar baƙo, me ka yi masa? Na ce, Fasto, ni ban taɓa ganinsa a Nima ba. Ya ce in leƙa tashar Maamobi."

Na san abin da ke tashar. 'Yan Agege ne mutanen arewa, suna kwance a kan kwali suna jiran motar gida, motar kuma tana jiran mai.

"Na leƙa," in ji ta. "Akwai mai tsawon Ayamga a ciki, yana tsotsar ɓawon lemo. Ki kira mini Malam Seidu."

Kun ga ni na ƙulla abin, amma da ta faɗa sai na riƙo hannunta. Bunsurun nan shi ne kaɗai abin da ke ce mata yaron zai dawo.

"Tsaya, Asibi. Wasa fa nake. Wuta kike tsoro?"

"Wuta? An riga an biya mini, ƙawata, ba da naman bunsuru zan sayi ceto ba. Amma wadda aka ciyar kyauta ai ba ta rufe tukunya."

"To Ayamga fa?"

Ta dubi igiyar bunsurun. "In yana raye, Allah ya sa wata uwa ta yanka masa nata. In kuwa ya riga ni, za mu haɗu a garin da ba a korar kowa. Na daɗe da ɗaure begena a wuyan dabba, yau zan kwance shi in mai da shi inda ya dace. Ki ce wa Malam ya yi da bismilla, don kowa ya ci."

Ban taɓa ganin Malam Seidu ya wasa wuƙa da sauri irin na ranar ba. Asibi ta shige ɗaki ta ja labule har aka gama, muna jin ta tana rera waƙarsu ta coci ƙasa-ƙasa. Daga nan gida ya ɗau harama. Matan coci suka kawo rama, Azara ta fito da gyaɗa, aka tuƙa tuwon jar masarar nan ta taimako. Ni aka ba rabon nama. Cinya ɗaya ta zame ta faɗa kwandon turarena, na rufe ta da tsumma. Kowane mai wa'azi ai yana da hakkinsa.

Muka jera zuwa tasha da kwanoni a ka, masu kallabi da masu mayafi. Malam Seidu yana biye da mu, riƙe da kan bunsurun da aka ba shi ladan wuƙa, yana kaɗa shi don duk Nima ta shaida ya koma bakin aiki.

Yadda mutanen nan suka ci, ba zan iya kwatanta muku ba. Wani dattijo sai da ya yi kuka a cikin kwano. Ana cikin haka wani saurayi, Jibirilu ɗan Bawku, ya tsai da loma a iska yana kallon hannun Malam Seidu.

"Baba, juyo da kan nan. Ƙaho ɗaya? Kai! Ba dai Sai-ya-dawo muke ci ba?"

Ludayi ya suɓuce wa Asibi.

"Ɗana, a ina ka san sunansa?"

"Mma, wani dogo ne da muka hau tifa ɗaya tun daga kan iyaka. Bai bar kunnenmu ya huta ba, bunsurun uwarsa a Nima, yadda ya tsamo shi a gota. Ayamga."

"Yana raye?"

"Ƙalau, sai rama. Yana kasuwar Agbogbloshie yana dako. An ƙwace masa komai a hanya. Ya ce ya yi wa uwarsa alkawarin kaya, ba zai shiga Nima hannu rabbana ba."

Mota babu, da ƙafa muka tafi, ni da Asibi da Jibirilu. Tsohuwar da ke kukan gwiwa kullum, ranar sai da na roƙe ta ta jira ni.

Mun same shi a inuwar wata motar doya da ba doya a cikinta, gammo a hannu. Yana ganin ta ya zube a ƙasa kamar wanda aka kawo gaban alƙali, ya fara zuba bayani.

"Mma, wallahi na tara. Har keken ɗinki na saya miki, a kan iyaka ne suka..."

"Wa ya tambaye ka?" in ji ta. "Keke na haifa? Tashi, sakarai, kana ɓata mini gwiwar wando."

Ta rungume shi, kanta ko ƙirjinsa bai kai ba. 'Yan dako suka kewaye mu suna tafi, wata mai albasa ta rangaɗa guɗa ba tare da ta san abin da ake yi ba. Da ya sami bakin magana sai ya ce, "Mma, bunsurun fa? Yana nan?"

"Ya gaji da jiranka, ya fita nemanka," in ji ta. "Ga shi kuwa ya same ka."

Sai da muka iso gida murnarta ta ɗan rage. Tukunya an sharce ta tas, ko romo babu. Ta tsaya tana juya hannu, shekara da shekaru tana kiwo saboda wannan rana, ga rana ta zo ba nama.

Na yi gyaran murya, na shiga ɗaki, na fito da kwandon turare.

Asibi ta ɗaga tsumman, ta dubi cinya, ta dube ni. "Maiturare!"

"Ajiya na yi masa. Ni na san zai dawo, ke ce mai ƙaramar bangaskiya."

Aka gasa masa ita nan take. Ya ci yana lumshe ido, ya ce bai taɓa cin nama mai ƙanshin ɗakin amarya ba sai yau. Fasto Abugri ya zo, Malam Seidu ya zo, Moro ya kunna rediyonsa da sauran batirin da yake ta tattali. Asibi ta yi rawa har zanenta ya nemi kwancewa.

Da ta gaji ta faɗo kusa da ni tana haki. "Ke dai ina tunaninki. Ranar nan, dama za ki yi ko hagu?"

Na ce, "Allah mai rahama ne, ya san da zamana. Ni dai a bar ni jikin bango tukuna, in ji inda aka kai kowa."