Kujerar Nando

A makarantar kan tudu ba a kiran yaro da sunansa. Ko jiya aka yaye ka, Malam wane ne kai, da sunan ubanka, kamar alƙali. Shi ya sa duk lokacin da Malam Haskell ya ɗago kai ya ce, "Malama Tafoya, ba mu ji ta bakinki ba," sai Noemi ta ji kamar wata ake kira, wata mai baki, ita kuma an aiko ta ne ta riƙe mata wuri.

Kullum sai an zauna a teburin nan. Babba ne, zagayayye, babu layin baya, babu lungu, kowa na kallon kowa. A buɗe littafin mutanen da suka mutu tun duniya na kwance, a ce mene ne adalci, mene ne jarumta, sai 'yan shekara sha shida su yi ta zuba kamar da su aka rubuta shi. Malam Haskell ba ya bayani. Tambaya yake jefawa, ya koma gefe yana ɗiga alƙalami a gaban sunan duk wanda ya yi magana. Ɗigon nan shi ne maki.

Noemi tana karatu, wallahi har ta fi masu zubar. Amsa takan zo mata a shirye tsaf, sai ta iso baki ta maƙale a harafin farko. In'ina gare ta tun tana ƙarama. A gida ba wanda ya damu, Mama takan ci gaba da juya wake a tukunya har kalmar ta ga dama ta fito. A tebur kuwa ba wanda ya taɓa yi mata dariya, kuma wannan ne ma abin haushin. An koya wa yaran ladabi. Sai su yi tsit, su sunkuyar da kai, su jira ta da irin haƙurin nan mai kashe mutum a tsaye, ita tana fama da "a-a-a", gumi na bin bayanta, har Malam ya ce, "A hankali, ba sauri muke ba." Da ma zaginta suka yi, da ta san abin da za ta rama.

Ta tsani wurin. Ta tsani siket ɗin mai gida-gida, da darasin harshen Latin na safe, da waƙen da ake haddacewa a miƙe a karanta gaban aji. Makarantar unguwarsu tana nan ƙasan tudu, aji cike maƙil, kujeru a jere, mutum zai shekara a baya ba wanda ya san muryarsa. Mama kasuwa take kiranta. Noemi kuwa kasuwar take mafarki.

Bara ta cire kunya ta faɗa. Mama tana tsaye a kicin, ba ta ko cire rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi ba.

"Mama, a c-c-cire ni. Na gaji."

"A cire ki a kai ki ina? Kasuwa?" Mama ta juyo da ludayi a hannu. "Mimi, kin san iyaye nawa ke kuka a kan kujerar da kike kai? Makaranta kyauta, karatu irin na 'ya'yan masu hali, ke Allah ya ɗaga ƙuri'arki, yanzu ki ce kin gaji?"

Noemi ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun tana firamare. Nan jikin Mama ya yi sanyi. Ta ajiye ludayin, ta zaunar da ita, ta faɗa mata abin da ita ma ta sani. A makarantar kan tudu ƙuri'a ke ba da kujera, amma ƙannen ɗalibai ake fara ba wa kafin a taɓa sauran jama'a. Nando, autan gidan, zai isa shiga ajin farko baɗi. In Noemi ta fita kafin nan, ya zama ɗan kowa, ya faɗa cikin ɗaruruwa.

"Shekara ɗaya, 'yata. Ya shiga ta nan, ki fita ta can. Na yi miki alkawari."

Ta yi shekarar. Kada a tambayi yadda ta yi ta. Ta koyi amai a banɗaki kafin zaman tebur, ta wanke baki ta shigo da fara'a. Ta koyi haddace jimla ɗaya tun a gida, ta jefa ta da wuri, ko ta dace da hirar ko ba ta dace ba, ta karɓi ɗigonta ta koma cikin ƙoƙonta kamar kunkuru. Shi kuwa Nando ya ɗauki makarantar kamar aljanna. Duk la'asar yana kujerar baya a layin motocin ɗaukar ɗalibai, hanci a manne da gilashi, yana cewa, "Waccan tagar ce ajina, ko Yaya?"

Ranar ƙuri'a dusar ƙanƙara ta kwanta a kan tudun. Aka cika ɗakin wasanni, iyaye sun yi kwalliya kamar kwalliya za ta ruɗi ƙuri'a. Shugabar makarantar ta hau dandamali, ta yi dogon jawabi a kan gaskiya da nagarta da kyau, alhali ba wanda ya zo jin wannan. Can ta gyara murya. Ta ce bana an samu abin da ba a saba gani ba: ƙannen ɗalibai kaɗai sun fi kujerun ajin farko yawa, don haka su ma sai an jefa ƙuri'a a tsakaninsu.

Noemi ta juya ta dubi Nando. Aka juya gangar da aka zuba sunayen yara a ciki, aka fara kira. Nan a yi ihu, can a rungumi juna. Mama ta damƙe hannunta har farce na shiga nama. Sunaye suka yi ta wucewa, na kowa ban da Tafoya, har shugabar ta ce kujeru sun ƙare.

Mama ta kutsa gaba ta tari matar ofis. Noemi na bayanta, tana ji.

"Kada ki damu, Uwargida Tafoya," in ji matar, da murmushinta na aiki. "Yana kusa-kusa a masu jira. Mutane kan tashi daga gari. Da wani ya bar kujera za mu buga miki waya."

"Yaushe ke nan?"

"Ai ba a sani. Wata ɗaya, shekara, wani lokaci sai aji na biyu. Muddin dai yayarsa tana nan, yana gaban layi."

Suka fito. A mota Mama ta sa makulli, ba ta murɗa ba. Ta daɗe tana kallon gilashin da ƙanƙara ta rufe. Noemi ta shirya. Jira take a ce mata ta ƙara haƙuri, a ɗaga mata murya, a tuna mata wahalar da ake sha a kanta, don ta samu wanda za ta yi fushi da shi.

"Na ce shekara ɗaya," in ji Mama a hankali. "Ta cika. Ni ba zan ci alkawari ba, Mimi. In kin ce a cire ki, Litinin zan zo in cire ki. Ba zan taɓa goranta miki ba. Ke za ki faɗa."

Wannan ne ya gama da ita. An buɗe mata ƙofa, an kuma kwantar da ƙaninta a bakin ƙofar, sai ta taka shi za ta wuce. Ta ji haushin Mama, haushi mai zafi, ta kuma rasa laifin da za ta kama ta da shi.

Nando ya leƙo ta tsakanin kujeru, hularsa a karkace.

"Yaya, sun kira ni? Ana ta ihu, ban ji ba."

Mama ta dubi Noemi. Ta bar mata amsar.

"B-ba su kira ba t-tukuna," in ji Noemi.

"To yaushe?"

Ta dubi ƙasan tudu, inda rufin makarantar unguwa yake fari fat. Sannan ta juyo ta gyara masa hular.

"Za su k-kira ka. Ai ina nan."

Mama ta murɗa makullin.