Gwaggwaron Anti Dorkas

Ni Selina ban taɓa roƙon kowa a ƙasar nan ta Amurka ba. Shekara da shekaru ina juya tsofaffi, ina yi musu wanka a wani gidan kula da su da ke garin Largo a jihar Maryland, ana zare mini haraji tun kafin in ga albashin da idona. Sai korona ta zo ta kwashe rabin waɗanda nake kula da su. Ni nake riƙe musu waya su yi ban kwana da 'ya'yansu. Tun daga nan kaina bai koma daidai ba. Wata rana in tashi, wata rana in yini kwance kamar buhun masara, ko ruwan sha ba na iya ɗebowa. Likitata ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in rage aiki.

Na rage zuwa kwana biyu a mako, na nemi tallafin nan da gwamnati ke ba waɗanda ciwo ya hana aiki, wanda suke kira disabiliti. Lauyana Raymond, ɗan Filato, ya ce an yarda mutum ya riƙa ɗan aiki, muddin abin da yake samu bai haura iyakarsu ba. In ya haura, to su a wajensu lafiyarsa ƙalau. Aikin kwana biyu kuwa ba ya biyan haya a Maryland. Ko dai tallafin ya fito, ko in koma kwana biyar cikin ɗakunan da har yanzu nake jin kakarin mamatan.

Masu ba da tallafin suka ce sai likitan ƙwaƙwalwa na ɓangarensu ya gan ni. Raymond ya ja mini kunne: "Ki je yadda kike. Ki faɗa masa yadda mummunar ranarki take, kada ki rage komai."

Ranar kuwa mummunar ce. Rabona da wanka har na manta, gashina ya cukurkuɗe. Sai ga Anti Dorkas, ƙanwar mahaifiyata, ta taho tun daga Manassas za ta kai ni. Ita ta kawo ni Amurka, ita ce uwata a nan. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"Haka za ki je gaban hukuma? A ce wannan 'yar gidan Katung ce? Ba dai ina numfashi ba."

"Anti, lauya ya ce in je yadda nake."

"Lauyan shi ya haife ki? Tashi, 'yata."

Ba ni da ƙarfin musu. Ta cuɗe ni kamar jaririya, ta goge atamfar zumuntar matan coci ta sa mini, ta shafa mini hoda da jan baki, ta fesa turare. Sannan ta zauna ta ɗaura mini gwaggwaro, irin wanda sai ka sunkuya za ka shiga mota. Wai asibitin masu taɓin hankali za mu, amma wallahi ka ce uwar amarya ce.

Likitan wani dattijon Bature ne mai sanyin murya, ya bar Anti ta shigo tare da ni. Ya tambaye ni yaya nake. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce lafiya lau, mun gode Allah, har da murmushi. Haka aka koya mana tun muna goye. Ko gawa ce a tsakar gida, ba ka tarar babba da ƙorafi.

Ya ce wa ke yi mini girki. Anti ta cafe, ta ce ai babu mai tuƙa tuwo kamar 'yarta. Ya ce ina shiga mutane? Ta ce ba na fashin coci, har waƙa nake yi a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci. Ba ta faɗa masa ita ke zuwa ta fizgo ni daga gado ba, kuma baki kawai nake motsawa. Ba ƙarya take ganin tana yi ba, rufa mini asiri take yi, yadda ake yi wa 'ya a gaban baƙo.

Sai ya kalle ni ya ce, na taɓa tunanin kashe kaina?

Na kalli Anti, ta kalle ni. Ta yaya zan faɗi wannan a gaban matar da ta yi wa mahaifiyata alkawarin za ta riƙe ni? Na ce a'a. Anti ta yi ƙasa da murya ta ce da Hausa, "Allah ya kiyaye. Babu mahaukaci a zuriyarmu."

Da amsa ta zo, Raymond ya karanta mini a waya. Mai tsafta ce, mai fara'a, tana girki, tana shiga jama'a, tana zuwa aiki. Ba su ga abin da zai hana ta ƙara aiki ba, don haka babu tallafi. Ya ce za mu ɗaukaka ƙara, amma zai iya cin shekara, kuma kada in ƙara ko awa ɗaya. Na ce masa ya je ya yi wa mai gidan hayata wannan bayanin. Ranar Juma'a na samu shugabar aikinmu na ce ta mayar da ni kwana biyar. Ina fitowa na yi amai a bayan mota.

Ran Lahadi Anti ta zo ta sake ɗaura mini gwaggwaron, ta kai ni cocinmu na Springfield. Da fasto ya ce wa ke da shaida, ita ta fara miƙewa.

"Ku taya ni gode wa Ubangiji. Shaiɗan ya so ya maida 'yata mahaukaciya, amma likitan gwamnati da kansa ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau. Gobe ma za ta koma cikakken aiki."

Aka kaure da tafi da guɗa. Suka ce in tashi a gan ni, na tashi. Ban taɓa jin na tsani kowa kamar yadda na tsane ta a lokacin ba, ga shi hawayen da take yi na gaske ne.

Da na zauna, wata 'yar cocinmu, Loveth, da ke kusa da ni ta kama hannuna ta ce, "Yaya jikin, Selina?"

Na ce, "Lafiya lau. Mun gode Allah."