Mai Sandar Awo

Shekara goma sha huɗu tana tsaye a ƙofar Macijiya, jirgin nan na filin wasanni mai hawa sama ya kife da mutane ya dawo da su suna kururuwa. Aikinta guda ne, awon yara. Tana da sanda ta ƙarfe mai ɗan hannu a sama. Yaro ya tsaya a gindinta, in kansa ya taɓa hannun ya wuce, in bai taɓa ba ya koma gida ya ƙara tsawo. Shi ya sa daga masu shara har manaja kowa Mai Sanda yake ce mata. Kuma awon ba don a ƙuntata wa kowa aka kafa shi ba. Ƙarfen da ke saukowa ya danne kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani tsawo, yaron da bai kai ba akwai sararin da zai zame ta ciki idan jirgin ya kife. Ranar da ta fara aiki an gwada mata da buhun yashi, ta ga inda buhun ya faɗo. Tun daga ranar ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ko ɗan wane ne.

Albashin ba abin a zo a gani ba ne. Abin da ya riƙe ta a wurin katin asibitin ma'aikata ne, wanda da shi ake yi wa maigidanta wankin ƙoda duk Talata da Juma'a. Mutum ne mai raha ko a kwance yake. Tana shigowa da yamma zai ɗago kai daga tabarma ya ce, “Hukuma, yau nawa kika koro?” Ta faɗa masa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai filin ya canza hannu, sababbin masu shi suka ce ma'aikata ba su iya karɓar baƙi ba, a yi musu horo. Aka tara su mako uku a wani ɗaki bayan gidan janareta, kujerun roba, fanka ɗaya, kowa aka miƙa masa ɗan madubi ya koyi murmushi. Kai, duniya! Mace mai shekara arba'in da bakwai a zaunar da ita tana washe wa madubi baki. Malamar horon wata doguwa ce mai takalmi mai tsini, ma'aikata suka laƙa mata Madam Farin Ciki. Ta rubuta a allo da manyan baƙaƙe: BA A CE WA BAƘO A'A.

Mai Sanda ta ɗaga hannu. “Ranki ya daɗe, to ni fa? Ai aikin nawa ke nan.”

Aka kwashe da dariya. Madam ma ta yi, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. “Anti, ba a'a za ki ce ba. Durƙusawa za ki yi daidai tsawon yaron, ki yi fara'a, ki ce masa, gwarzona, yau dokin lilo ne ke jiranka. Kin ga ba ki hana shi ba, kin ba shi wani abu ne.”

Bayan horon aka kafa akwati a kowace ƙofa, da maɓalli biyu, kore mai fuskar dariya da ja mai fuskar fushi. Baƙo ya danna wanda ya ga dama. Dokar kuwa a fili take: ma'aikacin da ya tara ja goma a wata ɗaya ya ajiye katinsa.

To, wa zai danna wa mai sayar da tikiti ja? Wa zai danna wa mai balan-balan? Ita kuwa ta durƙusa har gwiwoyinta suka fara ƙara, ta ce gwarzona, ta ce gimbiyata, a banza. Yaro ba wawa ba ne, ya san an hana shi. Ya fashe da kuka, uban da ya yi awa guda a rana ya juya ya huce a kan jan maɓalli. Kafin ashirin ga wata tana da tara.

Ta sami manaja a ofis. Tare suka fara aiki, lokacin shi yana kan injin wasan motoci. “Yaya, ni ba ni na kawo akwatin nan ba,” ya ce, yana kallon takardun gabansa. “Lamba ce ke magana yanzu. Ki lallaɓa ki kai ƙarshen wata, a goge a sake sabo.”

Ranar Asabar da azahar, layi ya miƙe har wurin masu sayar da ruwa, sai ga wani mutum mai farar riga da tabarau riƙe da hannun 'yarsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun daga nesa Mai Sanda ta san yarinyar ba ta kai ba. Aka tsayar da ita. Saura yatsa biyu.

Ta durƙusa. “Gimbiyata, yau dokin lilo…”

“Malama, tashi,” in ji uban. “Yatsa biyu fa! A kan yatsa biyu za ki mayar mini da yarinya bayan mun gasu a rana? Wata uku tana ƙirga ranar nan.”

“Yallaɓai, ka yi haƙuri, don lafiyarta ne.”

Ya taka zuwa akwatin, ya ɗora yatsansa a kan jan maɓallin, bai danna ba, ya tsaya yana kallonta kawai. Gaba kura baya sayaki. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne ƙafafun maigidanta, yadda suke kumbura in aka yi jinkirin wankin ko da na kwana ɗaya ne.

“Bari mu sake gwadawa,” ta ji bakinta ya faɗa.

Ta ɗan kwantar da sandar zuwa gabanta. Kaɗan ne, wanda bai san aikin ba ba zai lura ba. Hannun sandar ya sauko ya taɓa kitson yarinyar. Da kanta ta raka ta kujera, ta danna ƙarfen kafaɗar da dukan ƙarfinta har yarinyar ta ce wash. Jirgin ya tashi. Minti ɗaya da sakan arba'in yake yi, ta san haka kamar yadda ta san sunanta, amma ranar ta rantse an ƙara masa. Babu addu'ar da ba ta karanta ba. Da jirgin ya dawo, ga yarinya a kujerarta tana ƙyalƙyala dariya, gashi a warwatse. Uban ya danna kore har sau uku. Mai Sanda ta roƙi mai injin ya duba mata ƙofa, ta shiga banɗaki ta kulle kanta.

“Hukuma, yau nawa kika koro?” in ji maigidan da yamma.

“Ba kowa,” ta ce, ta wuce ɗaki. Kunya ce ta hana ta kallonsa.

Abin takaici, ranar Litinin sai ga hotonta a allon sanarwa, wai gwarzuwar mako. Ashe mutumin har saƙon yabo ya aika wa ofis. Madam Farin Ciki ta sa aka tafa mata, ta ce kowa ya yi koyi da Anti, wadda ta mayar da baƙo mai fushi baƙo mai dariya. Ba wanda ya tambaye ta yadda ta yi.

Tsugune ba ta ƙare ba. Asabar ta zagayo, saura kwana uku wata ya ƙare, manaja da Madam suna tsaye kusa da ƙofar Macijiya suna ɗaukar hotunan talla, sai ta ji an kwaɗa mata kira daga cikin layi. Mai farar rigar ne, da matarsa, da yarinyar, da wata 'yar ƙarama mai jan takalmi, ƙanwarta.

“Ga mutuniyar kirkin da nake gaya miki,” ya ce wa matarsa. “Anti, yau autarmu muka kawo miki. Tun ranar take kuka ita ma sai ta hau.”

Ƙaramar ta tsaya a gindin sanda, ta miƙe wuya, har da ɗage dugadugai. Tsakanin kanta da hannun sandar tafin hannu guda ne cur. Wannan ko an kwantar da sandar ƙasa ba ta kai ba. Mai Sanda ba ta durƙusa ba, ba ta yi murmushi ba, ta gaji.

“A'a,” ta ce. “Ba za ta hau ba. Yayar ma ba za ta hau ba.”

Fuskar mutumin ta canza. “Kamar yaya? Wancan makon fa? Ita ma ba ta kai ba, ba ke kika karkata sandar da hannunki kika shigar da ita ba? Ko yau don ga manya a tsaye?”

Da ƙarfi ya faɗa, duk layin ya ji. Manaja ya sauke wayarsa. Ya tako ya karɓi sandar, ya tsayar da ita cak, ya ce babbar ta matso. Yatsa biyu, kowa yana gani. Mutumin ya miƙa hannu ya danna ja, na goma.

Nan fa horo ya tashi aiki. Madam ta hau ba baƙo haƙuri, ta zaro katin alfarma mai ruwan zinariya ta damƙa masa, ta ce yau duk abin da suke so a filin nan nasu ne, ba layi, ba biya. Manaja ya ƙwala wa mai sayar da tikiti kira, wata da ake ce wa Haƙora don ba ta rufe baki, wadda ko ja ɗaya ba ta taɓa samu ba. Ya miƙa mata sandar ya ce ta riƙe ƙofa kafin a samo wani. Sannan ya ce Mai Sanda ta biyo shi.

A ofis bai ja zance ba. “Yaya, da jan ne kaɗai, wallahi da na roƙa miki. Amma karya dokar tsaro a gaban shaidu? Ke da kowa ke misali da ke?”

“Ka san abin da ya sa.”

“Na sani. Ba a ba ni gurbin rubuta shi a takardar ba.”

Ta ciro katin aiki ta ajiye. Ya ci gaba da miƙo hannu. Ta daɗe tana kallon hannun kafin ta ciro na asibitin. “Talata fa?” ta ce. “Ko na Talatar nan kaɗai.” Ya ce da an shigar da sallama a kwamfuta katin ya mutu, ba a hannunsa abin yake ba. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Aka haɗa ta da mai gadi ya raka ta ƙofar fita, ledar kayanta a hannu. Hanyar ta bi ta bayan rumfar balan-balan, daga nan ana hango ƙofar Macijiya. Ta waiga. Sandar tana jingine a bango. Mako uku Haƙora ta yi tana horo kamar kowa, an koya mata gaisuwa kala bakwai, ba a taɓa nuna mata amfanin sandar nan ba. Mai farar rigar ya ɗaga mata katin zinariya. Haƙora ta durƙusa daidai tsawon 'yar ƙaramar, ta washe baki, ta buɗe musu ƙofa.

“Haƙora!” Mai Sanda ta ƙwala. “Ba ta kai ba! Ku tsayar da shi!”

Ina! Lasifikoki huɗu ne ke zuba kiɗa a wurin. Ta yar da ledar za ta ruga, mai gadin ya riƙe mata hannu. “Yaya, don girman Allah kada ki ja mini. Cewa aka yi in fitar da ke, ni ma ina da ja bakwai.” Ta yi masa bayani, ta yi magiya, ta zage shi. Ya ce zai faɗa musu ta rediyon oba-oba, ya tura ta waje a hankali, ya ja ƙofar ƙarfen ya sa sakata.

Daga titi ba a ganin komai sai ƙololuwar dogon ƙarfen da jirgin ke bi. Ta riƙe sandunan shingen da hannu biyu. Ta ji sarƙa ta fara jan jirgin sama, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Masu wucewa suna ta harkarsu, wani ma ya ce mata ta matsa zai ajiye babur. Jirgin ya ɓullo a sama, a kujerar gaba ga jan takalmi yana lilo, bai kai inda ake taka ƙafa ba.

Jirgin ya yi 'yar tsayawar nan da yake yi kafin ya kife. Tana ta ihu, babu mai jin ta.