Zabuwata Mai Ƙafa Ɗaya

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, ya sauke ni a ƙasar masu ƙera manhajar zane. Ni malamin aji huɗu ne, zane kuwa sha'awa ce ta ranar Asabar. Ɗan abin da nake biyan manhajar a wata bai kai kuɗin kwanon gero ba.

Ina tafe, zabuwar da na shafe mako uku ina zanawa tana bina da tsalle. Ƙafarta ɗaya. Duk lokacin da na adana zanen, manhajar sai ta cinye kusurwar ƙasa ta hagu, nan kuwa ƙafar take.

"Malam, ka ce yau za a gyara," in ji ta.

"Yi haƙuri, mun kusa."

Sai ga mu a ofis. Ma'aikatan duka ƙadangaru ne, kowanne da tabarau. Na yi sallama, na jera kokena ɗaya bayan ɗaya yadda nake jera darasi a allo. Suka yi ta gyaɗa kai. Raina ya yi fari, har na lura suna gyaɗa wa fanka ma.

Babbansu, mai jan kai, ya ce, "A nan ba a sauraron koke, aunawa ake yi. Hau."

Sikeli ne mai girman filin ƙwallo. A ɓangarenmu akwai masu zanen sha'awa sun fi dubu: teloli, ɗalibai, wani liman mai zana jiragen ruwa. A ɗaya ɓangaren mutum ɗaya ne, Alhaji Ɗanliti, mai zana wa kamfanoni allunan talla, wanda ke biyan kuɗin shekara a dunƙule. Yana zama, muka yi sama gaba ɗaya. Ruwa ake yi a lokacin, daga ƙasa zuwa sama, sai muka tafi tare da shi.

Daga can na ji Alhaji yana cewa, "Kwalbar lemon nan, ina so ta ƙara sheƙi kaɗan."

Ƙadangaru arba'in suka ruga a guje.

Na leƙo na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafa fa muke nema."

Mai jan kai ya ɗago. "Malam, ba ƙinku muke ba. Ƙudajen da muke ci, shi ke sayensu. An sa ƙafarka a jerin aiki, tana bayan sheƙi, da inuwar sheƙi."

Alhaji ma ba mugu ba ne. Cikin ladabi ya ce, "Ni idan aikina ya makara, kwangila ta tafi, ma'aikata tara sun zauna. Kai idan ƙafar nan ta makara, wa zai kore ka?"

Gaskiya ya faɗa.

Zabuwa ta ce, "Ba kai ke tsallen ba, Alhaji."

A kusa da ni, kan gajimare, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Tasalla tana zana furanni, babu wanda ya rasa ganye. Na tambaye ta sirrin.

"Kai baƙo ne ko? Ai ba ma jiran su. Manhajar nan yunwa ce da ita. Kowa a nan yana ajiye mata abin ci a kusurwar. Ni kabewa nake sa mata."

Na matsar da zabuwa dama kaɗan, na zana kabewa ƙatuwa a kusurwar hagu, na adana. Muka ji ƙarar tauna. Kabewa ta ɓace har da kara.

Zabuwa ta dubi ƙasa. Ƙafa biyu. Ta taka ɗaya, ta taka ɗayar, ta juya sau biyu.

"Ta hagun ta ɗan fi tsawo," in ji ta.

"Wannan laifina ne, ba nasu ba."

"To, a bar ta haka." Ta kama hanya tana ɗan ɗingishi, ba ko sallama.

Ina shirin kiranta ke nan, mai ruwa ya buga ƙofar gidanmu da murfin jarka, na buɗe ido.