Farin Zanin Gado a Bayan Dogo

Dogo ya samu gurbi a kwaleji, sai aka ce kwas ɗin falsafa na 'yan shekarar farko ta intanet za a yi shi. Duk gidansu kuwa babu inda waya ke kama sabis sai shagon wanki da guga na babansa, wanda ke manne da ƙofar gida. Ga shi Malama ta ce ranar farko dole kowa ya buɗe kyamara a ga fuskarsa.

Nan fa Dogo ya shiga damuwa. Ba falsafar ce ta tayar masa da hankali ba, don ko ma'anarta bai gama sani ba. Abin da za a gani a bayansa ne damuwarsa: ƙullin kayan mutane har kusa da rufi, ga bokitai, ga singileti suna lilo a igiya. Kunya yake ji 'yan ajinsu su san daga inda ya fito.

Baba ya lura. Da safen ranar ya zaro farin zanin gadon wani kwastoma, ya goge shi sumul, ya ɗaure a igiya ya rufe tarkacen. Har rediyonsa ya kashe, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba.

"Ga bango na gina maka, ɗan boko," in ji shi yana dariya. "Ko ofishin banki albarka."

Aka fara darasi. Fuskoki suka cika wayar, wannan da kantar littattafai a bayansa, waccan a cikin mota. Malama ta ce falsafa da tambaya take farawa, sannan ta jefo musu ɗaya: ta yaya mutum zai san abin da idonsa ya nuna masa haka yake? Gogan naka ya ɗaga hannu, ya kawo misalin cokali da yake kamar ya lanƙwashe a cikin kofin ruwa. Malama ta yaba, kan Dogo ya kumbura, har da gyara wuyan riga.

Ana cikin haka wani kwastoma ya tsaya a waje yana jiran kayansa. Kayan suna bayan zanin, hanyar fita kuma sai an bi ta bayan kujerar Dogo. Baba ya rungumo su a ninke, ya duƙa yana sanɗa, a zatonsa in ya sunkuya kyamara ba za ta kama shi ba. Ta kama shi tsaf, da singiletinsa da zufarsa.

Wani a ajin ya ƙyalƙyale da dariya. Malama ta yi murmushi ta ce, "Sannu da aiki, Baba. Wane ne wannan a bayanka?"

Bakin Dogo ya riga hankalinsa. "Mai wankinmu ne, Malama. Ya kawo kaya."

Baba ya tsaya cak, don duk abin da aka faɗa a kunnensa ne. Sai ya miƙe a hankali, ya ajiye kayan kwastoman a gefen teburin Dogo, ya rusuna wa ɗan cikinsa.

"Yallaɓai, ga su nan, an goge," ya ce, ya fita.

Daga nan Dogo bai sake fahimtar ko kalma ɗaya ba. Malama tana ta bayani a kan gaskiya, shi kuwa kunya ta rufe shi har yana jin ƙyamar kansa. Da aka tashi ya fito waje.

Ya tarar da Baba a tsugune a ƙofar shago yana fifita gawayin dutsen guga. Dogo ya durƙusa, ya kasa ɗaga ido. Addu'a yake Allah ya sa a zage shi, ko a kwaɗa masa mari ya samu sauƙi.

Baba ya ci gaba da fifita, ya ce, "Na yi daidai ko? Ban kwafsa maka a gaban malamarku ba?"

"Baba, don Allah..."

"Ka dai riƙa gaya mini lokacin karatun tun da wuri. Sai in fito da teburin guga nan waje, kada su sake ganina."