Za Mu Goge Ka

Ni da Sirajo tare muka fara acaɓa a Maigatari, kuma kowa ya san na fi shi iya babur. Abin da ya fi ni shi ne dogon hanci. Saboda hancin nan darakta Abdurra'uf ya zaɓe shi ya fito a fim ɗinsa a matsayin Ɗan Guguwa, jarumin wani littafin zane da yara ke rububi, wanda aljani ke ɗauka ya yi sama da shi ya kamo ɓarayin shanu. Ni kuma aka ce ni ne aljanin.

Aka ɗinka mini koren kaya tun daga ka har tafin ƙafa. Na ce wa darakta, haka zan fito kamar ganyen kabewa? Ya ce, "Kada ka damu, Mu'azu, in mun hau kwamfuta za mu goge ka tas."

Na ji daɗi har cikin raina. Mu dai a saninmu, in an ce mutum ya goge, ai ya waye ke nan, ya fito fes. Ranar na je wajen Laure, yarinyar da nake nema, na ce ta shirya ganin gogaggen aljani.

Wahalar kuwa ni na sha ta. A dajin Gagarawa nake saɓa Sirajo a kafaɗa ina gudu cikin ƙarangiya, shi yana can sama ya baje hannuwa, ana hura masa iska da fanka. Ga shi ƙato, ga cin tsiya. Da an tsaya sai a riƙe masa lema, a miƙa masa ruwan sanyi, ni kuwa in koma gefe ina cire ƙaya. Wallahi ba sau ɗaya ba na raya a zuciyata in sake shi ya faɗo, hancin ya fara isa ƙasa.

Ranar da aka nuna fim ɗin a gidan kallo a Gumel, bayan la'asar, Laure ta zo da ƙawayenta. Sirajo ya tashi sama, wuri ya kaure da ihu. Na duba ƙarƙashinsa, babu kowa, sai iska. Sai a lokacin na gane irin gogewar da darakta yake nufi, irin wadda ake yi wa allon aji ce.

Abu ɗaya mai kwamfutar ya manta: inuwata a kan rairayi, tana ta sheƙa gudu ba mai ita. Wani daga baya ya rafka salati, ya ce aljanin gaske ya shigo fim. Nan take aka shiga yaba ƙarfin halin Sirajo.

A bakin ƙofa na tari Laure na ce, "Inuwar nan fa tawa ce."

Ta kwashe da dariya. "Haba Mu'azu! Sirajo bai ishe ka ba, har da aljani za ka yi kishi?"

Ta gyara gyalenta, ta bi layin masu ɗaukar hoto da Sirajo.