Fuskar Mai Gatari

Ihun da ya fito daga shagon Kwaji da tsakar rana ya sa Alice ta saki ludayi cikin tukunyar kunu. Kafin ta ankara har ta tamke zaninta, idonta na kan hanya. Sai dariya ta biyo baya. Ashe samari ne kawai a gaban talabijin.

Bayan mutane sun dawo Mubi daga gudun da aka yi, Kwaji, ɗan yayarta, ya buɗe shagon gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, kusa da rumfarta. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, samarin nan su ne suka hau duwatsu da ƙafa har Kamaru. Sun san tsoro na gaske. To me suke nema a wannan wasan ban tsoro kuma?

Wata rana da kasuwa ta yi sanyi ta leƙa. Kwaji ya yi mata bayani cewa a cikin wasan wani tsohon gida ne mai duhu, ba a ba ka bindiga ko sanda, ga wani ƙato mai gatari yana yawo a ciki. Aikinka ka laɓe, ka sulale ka fita bai gan ka ba. Ta ce a ba ta ta gwada. Ya ɗauka wasa take yi, sai da ya ga ta gyara zama a kan benci.

Yatsunta ba su saba da maɓallan ba. Ta yi ta karo da bango, Kwaji na danne dariya. Can sai ga takun ƙafa, mai nauyi, yana matsowa. Ya nuna mata inda za ta danna, ta shige wani kabad ta rufe. Ta ƙasan ƙofar ba ta ganin komai sai takalma, suna zuwa, suna tsayawa.

Ba ta san ta daina numfashi ba. Haka ta kwanta a gonar dawa a Digil ranar da mahara suka shigo gari, tafin hannunta a bakin 'yarta Rachael, takalma na wucewa tsakanin karan dawa. Muryoyin na yara ne, ɗaya ma yana tari. Ba ta ɗaga kai ba. Har yau ba ta sani ba ko baƙi ne, ko kuwa wani a cikinsu ya taɓa shan kununta.

"Idan ya kama ni fa?" ta tambaya a hankali.

"Sai a sake daga farko, Anti."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta buɗe kabad ɗin ta fito ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Kwaji ya ce ta gudu, ta ce a'a, ya dai nuna mata yadda ake ɗaga kai. Ya kama babban yatsanta ya tura maɓallin sama da shi.

Ƙaton ya juyo. Ƙarar da ta tashi ta sa ta zabura har bencin ya daki bango, amma ba ta rufe ido ba. Ya rugo, ya cika talabijin ɗin. Buhu ne a kansa, an huda masa ramuka biyu, ba komai a cikinsu sai duhu. Gatarin ya sauka, komai ya yi ja.

Daga nan ta tambaya ko ana cire masa buhun. Kwaji ya ce ya ji ana cewa sai a ƙarshen wasan, amma a shagon nan ba wanda ya taɓa kaiwa, duk a ɗakin ƙasa suke mutuwa.

Alice ta goge zufar hannunta a zani.

"To, nuna mini yadda ake gudun," in ji ta.